Katako a Ɗakin Kaji

Zubaidatu ta ɗora ƙafar dama a kan katakon, sai ya ce cakal. Ta ɗage ƙafar ta sake dannawa a hankali, wai ko kunnenta ne. Wani ruwa mai kalar shayin da ya kwana ya ɓullo ta tsakanin katako biyu, ya yi 'yan kumfa, ya koma. Abin da ya biyo baya kuwa ba a faɗa wa mai cin abinci. Wari ne na kashin kaji da ya jiƙa ya kwana tara a rufe, ya haɗu da hamamin maganin wanke bayi, ya taso ya daki hancinta har sai da ta dafe bango.

"Tir!" ta ce, ta ja gefen zane ta toshe hanci. "Kuma yau Alhamis."

Alhamis ce kuwa, ranar da Hajiya Ummukulthum ta ce za ta zo bayan la'asar ta ga ɗakin da idonta.

Ga yadda abin ya faro, don kada a ce an ɓoye wani abu. Nana Hafsat, 'yar Zubaidatu ta fari, tana aure a Dogarawa, kuma cikinta na fari ya shiga wata tara. Kowa ya san jegon fari a gaban uwa ake yin sa. Amma uwar mijin, wato Hajiya Ummukulthum, wadda ta yi shekaru a aikin ofis har ta saba da shafa tebur da yatsa tana duba ƙura, ta faɗa a gidan biki, da muryar da ta kai har wajen masu rabon shinkafa, cewa jikanta ba zai buɗe ido a cikin kashin kaji ba. Kafin magariba maganar ta iso Samaru ta bakin mata huɗu, kowacce da abin da ta ƙara. Ɗanta Ismail kuwa, mijin yarinyar, in uwar ta yi tari ɗaya sannu uku yake yi mata. In ta ce ba za a kawo Nana Hafsat gida ba, an gama.

Kuma tsakani da Allah, Hajiyar ba ƙarya ta yi ba. Ɗaki uku ne a gidan. Akwai na Zubaidatu, wanda kwanuka da buhuna suka cinye, ga yoyo a kusurwa. Akwai na mijinta Ɗanmalam, mai taga biyu da fanka. Sai na ƙurya, inda ta shekara bakwai tana kiwon kaji. Ta roƙi Ɗanmalam aron nasa na kwana arba'in, ya dube ta kamar ta ce ya ara mata gemunsa.

"Ɗakina? In baƙi suka zo, a kan murhu zan zaunar da su?"

Sai ta sayar da kajin kakaf, ta shiga Sabon Gari. A shagon Oluoma, wata Ibo haifaffiyar garin da Hausa ta zauna a bakinta daram, ta ga irin katakon nan na yayi. Ba a kafa masa ƙusa, ba a shafa masa gam. Bakin wannan ake saƙalawa a bakin wancan ya ce ƙas, ya kwanta a kan siminti kamar tabarma. Zubaidatu ta ce in dai wannan ne aikin, ba ta ga dalilin kiran kafinta ya shigo ya gane mata ɗaki ya kai majalisa ba. Ita da ta yi daɓe a Bomo tun ba a haifi Oluoma ba.

Kwana biyu ta yi a durƙushe, tana saƙalawa tana yanke ƙarshen layi da zarto, har gwiwoyinta suka kumbura. Da ta gama, ɗakin ya yi kyau, wannan ba mai musu. Ɗanmalam, da ko katako ɗaya bai miƙa mata ba, sai ya fara shigo da abokan majalisarsa ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa daga bakin ƙofa.

"Irin na gidajen furofesoshi ne na sa aka yi," yake ce musu. "Da hannuna ma na ƙarasa shi."

To yau ga tsakiyar ɗakin ta taso kamar kunyar dankali.

"Malam," ta kira shi. "Zo ka ji wani abu."

Ya zo da babbar rigarsa a kafaɗa, zai tafi ta'aziyya cikin birni. Ya tsaya nesa da ƙofar, hancinsa ya motsa sau biyu.

"Ɓera ne ya mutu a rufi."

"Ɓeran rufi ne yake kumfa a ƙasa?"

"To ki sa turaren wuta mana. Ku mata ai ba abin da turare bai gyara muku ba." Ya zura rigar. "Zan dawo da la'asar mu gaisa da Hajiya. Ni zan nuna mata ɗakin."

Ta sa turaren kuwa, kasko biyu, har da na ajiya da take ɓoyewa don ranar suna. Gara ma da ba ta sa ba. Ɗakin ya koma kamar an yi wa mushe kwalliya. Ta ɗauko tsohuwar adda da dutsen niƙa ta durƙusa a bakin ƙofa, ta yi ta sara a jikin bango har ta samu katako ɗaya ya ɗago. Ta juya shi.

Bayansa ya yi baƙi ƙirin, funfuna fara ta tsiro a kai kamar auduga. Soson da ta shimfiɗa a ƙarƙashi ya koma kamar tumbin akuya da aka manta a kwano. A cikinsa wasu 'yan tsutsotsi farare suna ta harkarsu, ba su ma san ana neman su ba. Zubaidatu ta yi waje da gudu, ta tsuguna a bakin magudana, kokon safe ya dawo gaba ɗaya. Shekara bakwai tana kwashe kashin kaji da hannunta, ko sau ɗaya zuciyarta ba ta taɓa tashi haka ba.

Ta kuskure baki, ta naɗe katakon a buhu biyu, ta yafa mayafi ta fita titi.

Bas ɗin Sabon Gari ta cika, ga ruwa ana yayyafi an rufe gilasai. Ba su yi nisa ba wata ɗaliba a kujerar baya ta ce, "Kwandasta, don Allah wa ya shigo mana da mushe?"

"Ni mutane na ɗauka," in ji kwandasta. "Kowa ya duba kansa."

Zubaidatu ta tura buhun ƙarƙashin kujera da diddige. Ta toshe hanci fiye da kowa, ta juya ta ƙura wa wani bawan Allah mai kwat da jakar hannu ido, tana girgiza kai. Nan da nan rabin motar ta koma kallonsa. Mutumin ya shinshina hannun rigarsa, ya duba ƙasan takalminsa. A Kwangila ya sauka. Motar ta tashi, warin bai sauka ba. Ɗalibar nan ta leƙo ta kafaɗar Zubaidatu.

"Mama, sannu da hanya."

"Yauwa 'yar nan," in ji Zubaidatu, idonta a kan titi.

Oluoma na cikin shago tana cin gyaɗa lokacin da aka kwance mata buhun a kan kanta. Ta miƙe har gyaɗar ta zube.

"Mama! Don girman Allah fita da shi, mutane na shigowa nan!"

A bakin kwata suka tsaya. Oluoma ta sa sanda ta juya katakon, ta tofar da yawu gefe.

"Baƙar ledar nan mai kauri da na ba ki, kin shimfiɗa ta kafin soso?"

"Malam ya rufe masararsa da ita. Ya ce abin da ke ƙarƙashi wa zai gani."

"Tazarar yatsa ɗaya da na ce ki bari a jikin bango fa?"

"Na bari. Ina kasuwa ya kwaɓa siminti ya bi ya toshe. Wai gidan kyankyasai na gina."

"Shi ya sa ya taso. Katako in ya sha laima miƙewa yake, Mama. Kun ɗaure shi ta ko'ina, ina zai je in ba sama ba?" Ta sake tsokanar soson da sandar, ruwa ya tsattsafo. Ta ɗago kai a hankali. "Amma wannan ruwan ya fi ƙarfin laima. Da kika wanke simintin, kwana nawa kika bar shi ya bushe?"

Zubaidatu ta gyara mayafi. Ta dubi masu keken da ke wucewa.

"Da asuba na wanke. Da hantsi na fara."

"A daminar nan."

"Kuma na ɗan yayyafa."

"Kika yi me?"

"Ke ba ki san daɓe ba, shi ya sa. Ƙasa ba ta kama abu sai da ruwa. Kowane layi sai na yayyafa, na ɗora, na bi shi da madaɓi. Haka iyayenmu suka yi, je ki Bomo ki gani, ɗakunansu suna nan har yau."

Oluoma ta nemi kwali ta zauna. Ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa, har hawaye ya biyo ta tsakanin yatsunta. Da ta samu numfashi ta waiga wajen shagon maƙwabta kamar za ta kira wani.

"Kika kira mutum ɗaya," in ji Zubaidatu, "wallahi sai na goge miki shi a zane."

"Na yi shiru, Mama, na yi shiru." Ta share ido. "To ji. Sai an kwashe shi duka. A kankare simintin, a buɗe taga, a bar shi sati biyu ko uku. In kina son ki san ya bushe, liƙa 'yar leda a ƙasa ta kwana. In kika ga gumi a bayanta, da sauransa. Na gefe-gefen wataƙila a tsira da su."

"Yau fa?"

"Yau sai dai addu'a."

"In na shimfiɗa darduma a kai, na ƙara turare? Matar nan ba za ta wuce minti goma a ciki ba."

"Wace mata?"

Zubaidatu ta gaya mata, a taƙaice, ba tare da ambaton sunan 'yar fari ba. Yarinyar nan ce dai za ta zo wanka, uwar miji na zuwa dubawa. Dariyar ta ɗauke daga fuskar Oluoma.

"Jariri za a kwantar a kai? Mama, dubi abin nan fari. Shi zai yi ta shaƙa dare da rana. Matar ki ce minti goma, shi kuwa kwana arba'in."

Zubaidatu ta sake duban katakon. Tsutsa ɗaya ta fito ta kama hanyar kwata. Zubaidatu ta kau da kai. Ta bar buhun a nan, ta goge hannu da ganye, ta juya.

Ana kiran azahar ta iso gida. Ta yi salla, ta fito tsakar gida ta tsaya, hannu a ƙugu. Ga ƙofar ɗakin katako a hagu, ƙudaje har sun gano ta. Ga ƙofar Ɗanmalam a dama da kwaɗo a jiki. Ta daɗe tana kallon kwaɗon. Shekara talatin da ɗoriya yana ɓoye makullin a ƙarƙashin turmi, yana zaton ba ta sani ba, alhali ita ke ɗaga turmin kullum.

Ta ɗauko makullin ta buɗe. Tun da alwalarta ba ta karye ba, da littattafansa ta fara. Ta kwashe su da bisimilla ta jera a saman akwatunan ɗakinta, nesa da yoyo, don su ba su yi mata laifin komai ba. Ta naɗe katifa, ta ja gadon ƙarfen daga jikin bango. Nan ta dafe ƙirji.

Ashe mutumin nan da ke hana ta share masa ɗaki, wai za ta hargitsa masa takardu, taska ya tara. Ga ɓawon rake tun na bara. Ga gwangwanin madara cike da tofin goro da ya bushe ya yi ja. Ga safa ƙafa ɗaya da ta sandare har tana iya tsayuwa da kanta. Ga kwanon samiranta mai murfi da ta yi wata biyar tana zargin maƙwabciya a kai, har suka daina gaisawa, da guntun tuwo a ciki ya yi gashi.

"Ashe kajin sun fi shi," ta ce. "Su ko ba komai ana sayar da nasu a kai gona."

Ta share, ta kankare, ta kakkaɓe yanar gizo. Da ta zo guga sai ta tsaya da bokiti a hannu, ta tuna da fuskar Oluoma. Ta ajiye bokitin. Ta tsoma tsumma ta matse shi har hannunta ya yi ciwo, ta goge simintin sama-sama, ta buɗe tagogin biyu, ta kunna fanka. Allah ya taimake ta akwai wuta.

Gadon ƙarfen ita kaɗai ta ja shi, yana ƙara tana haki, har cikin ɗakin katako. Duk inda ƙafarsa ta sauka sai ƙasa ta ce cakal. Ta riƙe numfashi ta wurga katifa a kai, ta rataye rigunansa a ƙusa, ta dangwarar da rediyonsa da gwangwanin tofinsa a bakin gado yadda ya saba. Ta fito ta ja ƙofa, ta cusa tsumma a ƙarƙashi. Sannan ta kai nata gadon ɗakin mai fanka, ta shimfiɗa sabon zanin gado da sabuwar tabarma, ta yi wanka da sabulu har sau biyu.

Motar Ismail ta tsaya bayan la'asar. Shi ya tsaya a zaure. Hajiya Ummukulthum ta shigo da farin hankici a hannu tun ba a je ko'ina ba, Nana Hafsat na biye da ita da ƙyar, ƙafafu sun kumbura. Yarinyar ta durƙusa iya yadda cikin ya bari ta gaida uwarta. Zubaidatu ta amsa tana kallon gefe, yadda ake yi wa 'yar fari, amma idonta ya riga ya ga ƙafafun.

Aka gaisa, aka tambayi damina, aka tambayi mutan gida. Hajiya ta ƙi zama.

"Mu ga wurin tukuna, hantsi ba ya jira... au, yamma ta yi."

Zubaidatu ta ɗaga labulen ɗakin mai fanka. Hajiya ta cire takalmi ta shiga. Ta shafa bakin taga da yatsa ta duba. Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin gado. Ta tsaya a tsakiya ta ja numfashi mai tsawo, ta sake ja. Ba komai sai ƙanshin sabulu da ɗan ragowar ƙanshin tsofaffin takardu. Hankicin ya koma jaka.

Daidai nan Ɗanmalam ya yi sallama. Ya shigo da fara'arsa, ya buɗe baki zai yi maraba, sai ya ga baƙuwa a tsakiyar ɗakinsa, ba gadonsa, ba littattafansa. Bakin ya tsaya a buɗe.

"Malam, sannu da dawowa," in ji Hajiya daga bakin ƙofa. "Ɗaki ya yi. Siminti ne, amma akwai iska, akwai tsabta. To ina ɗakin katakon da ake ta ba mu labari har Dogarawa?"

"Ai na Malam ne, Hajiya," in ji Zubaidatu da murya mai sanyi. "Shi ya ce a yi masa irin na furofesoshi. Da hannunsa ma ya ƙarasa shi. Da ya tare, sai ya bar wa mai jego wannan."

"Ikon Allah. Ismail ya ce har a masallaci an ji kana faɗa. Ashe don jika ka yi. Allah ya saka da alheri, Malam. Ba kowane namiji zai bar ɗakinsa ba."

Ɗanmalam ya dubi matarsa. Ita kuwa tana gyara bakin labule. Ya dubi zaure, inda surukinsa ke tsaye yana jin komai.

"Amin, Hajiya. Ai yi wa kai ne."

"Bari in ɗan leƙa in ga aikin," in ji Hajiya, ta fara neman takalminta.

"Ɗakin maza ne, Hajiya, kin san su," in ji Zubaidatu. "Ga shi ya kwaso gajiya daga cikin birni. Malam, shiga ka cire riga mana, kada ka tsaya saboda mu. Ka ja ƙofar da sauri, sauro."

Ba yadda ya iya. Ya taka zuwa ƙurya kamar mai zuwa cire haƙori, ya ture tsumman da ƙafa, ya buɗe ƙofar iya faɗin jikinsa, ya shige ya rufe. Daga ciki aka ji cakal. Aka sake jin cakal. Sai tari, sai ƙarar taga ana dukanta da hannu.

"Me ke ƙara haka?" in ji Hajiya.

"Haka sabon katako yake yi, kafin ya saba da mutum."

Hajiya ta gyaɗa kai irin na wadda ta san abin tun da. Ta juya wajen Nana Hafsat. "Ranar Asabar Ismail ya kawo ki da kayanki. Gara ki zauna a nan tun kafin abin ya zo."

Da motar ta tashi, Zubaidatu ta tuƙa tuwo. Ta zuba na Ɗanmalam a kwanon samirar nan mai murfi, bayan ta wanke shi da toka sau uku. Ta kai bakin ƙofarsa ta ajiye. Ta koma ta ɗauko addar da dutsen niƙa da bokiti, ta jera su kusa da kwanon.

Ƙofar ta buɗe kaɗan. Ɗanmalam ya leƙo, hularsa a kan hanci, idanunsa sun yi ja.

"Zubaidatu, yanzu a nan zan kwana?"

"Oluoma ta ce in aka kwashe shi yau, sati biyu ko uku ya bushe," ta ce. "Ta jikin bango ake farawa, inda ka toshe. In ka gama, ka ɗauko mini ledata a kan masara."